Fina-finan Powell da Pressburger: Tambayoyi da Amsoshi

Daga 1939 zuwa 1957, mutum biyu a Ingila, ɗaya ɗan ƙasa ɗaya ɗan gudun hijira, sun haɗa kai sun yi fina-finan da har gobe masu sana'ar fim ke komawa suna ɗaukar darasi a cikinsu. Ga tambayoyin da mai son shiga wannan fage ya fi yi. A sani tun yanzu, amsoshin sun tona ƙarshen wasu labaran.

Su wane ne waɗannan mutane biyu?

An haifi Michael Powell a 1905 a wani ƙauye kusa da Canterbury, a yankin Kent. Ɗan manomi ne, ya fara aikin banki, ya bari, ya faɗa harkar fim a kudancin Faransa tun zamanin fina-finai marasa magana. A shekarun 1930 ya yi ta yin ƙananan fina-finai masu arha a Ingila, irin waɗanda ake gamawa cikin 'yan makonni, har ya fito da The Edge of the World a 1937, wanda ya ɗauka a tsibirin Foula can arewacin Scotland. Shi ne fim ɗin da ya sa aka san da shi.

Emeric Pressburger kuwa Bayahude ne, haifaffen garin Miskolc na ƙasar Hangari, a 1902. Ya yi rubutun labarin fim a kamfanin UFA da ke Berlin, wanda a lokacin babu kamarsa a Turai. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 aka kori Yahudawa daga aiki, sai ya tsere zuwa Paris, daga can ya wuce Landan a 1935, yana jin Turanci kaɗan-kaɗan. Mahaifiyarsa ba ta tsira ba, a sansanin Auschwitz ta rasu. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba zai rasa rabin abin da ke cikin fina-finan.

Alexander Korda, babban furodusa wanda shi ma ɗan Hangari ne, shi ya haɗa su a kan The Spy in Black na 1939. Daga nan ba su rabu ba sai bayan shekara 18. Sun kafa kamfaninsu mai suna The Archers, kuma kowane fim nasu yana buɗewa da kibiya tana caka allon saiti. Duka-duka sun yi kusan fina-finai 20 tare.

Wa ke yin me a tsakaninsu?

Tun daga One of Our Aircraft Is Missing na 1942, abin da ake rubutawa a allo shi ne su biyun ne suka rubuta, suka shirya, suka ba da umarni, ba tare da an ware wa kowa nasa ba. A zahiri Pressburger ne ke ƙirƙiro labari ya tsara ginshiƙinsa, su yi ta miƙa wa juna rubutun, Powell yana gyara maganganun su zauna a bakin Bature ɗan Ingila. A wurin ɗauka Powell ne ke tsaye bayan kyamara. Pressburger kuma yana riƙe da harkar shiri, yana zama a ɗakin haɗa hoto, yana sa baki sosai a zancen kiɗa, don ya taɓa goge tun yana saurayi.

Mutane da yawa suna cewa "fim ɗin Powell" su yi shiru, kuma wannan zalunci ne. Ido na Powell ne, babu musu. Amma tambayar da ke yawo a cikin kusan duk manyan fina-finan ta Pressburger ce: yaya baƙo yake ganin Ingila, kuma me ya sa yake ƙaunar ƙasar da ba ta gama yarda da shi ba? A lokacin yaƙi hukuma ta sa shi cikin jerin baƙi 'yan ƙasar abokan gaba, bai samu takardar zama ɗan Birtaniya ba sai 1946.

Ba su biyu kaɗai ba ne kuma. Alfred Junge da Hein Heckroth, masu tsara wuraren ɗauka, Jamusawa ne. Erwin Hillier mai ɗaukar hoto a Jamus ya koyi aiki. Anton Walbrook, jarumin da suka fi ji da shi, daga Vienna ya fito. Fina-finan da ake yi wa kirari da cewa sun fi kowanne nuna halin Ingila, rabin waɗanda suka yi su baƙi ne.

Da wanne ya kamata in fara?

A Matter of Life and Death na 1946. Minti goman farko sun isa su kama ka, kuma bai kai awa biyu ba. Idan soyayya mai sanyi kake so, fara da I Know Where I'm Going! na 1945. Kada dai ka fara da The Tales of Hoffmann.

Fina-finansu na lokacin yaƙi ba farfaganda ba ce kawai?

Farfaganda ce, ba su ma ɓoye ba. Ma'aikatar yaɗa labarai ta Birtaniya ta zuba kuɗi a 49th Parallel na 1941, da nufin a zuga Amurka, wadda ba ta shiga yaƙin ba tukuna. Labarin wasu sojojin ruwan Jamus shida ne da aka nutsar da jirginsu na ƙarƙashin ruwa a mashigin Hudson na Kanada, suka shiga ratsa ƙasar suna neman tsallakawa Amurka. Da shi Pressburger ya ci lambar Oscar ta labari. David Lean, wanda daga baya ya yi Lawrence of Arabia, shi ya haɗa hoton.

Sai dai duba yadda aka yi farfagandar. Maharan su ne ake bi daga farko har ƙarshe, ba jaruman Birtaniya ba. Wuri mafi ƙarfi a fim ɗin shi ne inda suka sauka cikin wata al'ummar manoma masu riƙo da addini, 'yan asalin Jamus, shugaban maharan ya yi musu huɗubar Hitler yana kiran su 'yan'uwa, shugaban manoman, wato Walbrook, ya tashi a natse ya ce musu su ba 'yan'uwansu ba ne. Ɗaya daga cikin sojojin, wanda mai gashin burodi ne kafin yaƙi, ya so ya zauna tare da manoman ya koma sana'arsa, abokan tafiyarsa suka harbe shi. A tsakiyar yaƙi, Bayahuden da Jamus ta kora yana nace wa 'yan kallo cewa Bajamushe daban, ɗan Nazi daban.

Me ya sa Churchill, firayim ministan Birtaniya na lokacin, ya ƙi jinin The Life and Death of Colonel Blimp?

Dalili biyu. Na farko sunan kansa. Kanal Blimp wani tsohon soja ne mai tumbi da gashin baki a zanen barkwancin David Low na jarida, wanda ake yi wa manyan hafsoshi masu tsohon tunani ba'a da shi. Fitar da fim mai wannan suna a 1943, ana cikin yaƙi, ya yi wa gwamnati kama da cin fuskar rundunar soja. Na biyu kuma, mutumin da ya fi kowa hankali a fim ɗin hafsan Jamus ne. Ma'aikatar yaƙi ta hana su kayan soja, aka kuma ƙi sakin shahararren ɗan wasa Laurence Olivier daga aikin soja ya fito a ciki. Da aka gama, an ɗan riƙe shi ba a bari ya fita ƙasashen waje ba. Amurka ba ta gan shi ba sai 1945, shi ma a guntule.

Rashin Olivier alheri ya zama, don Roger Livesey ya fi dacewa da Clive Candy, wato Blimp ɗin fim ɗin, nesa ba kusa ba. Fim ɗin yana buɗewa da Candy tsoho, janar mai sanƙo, wani matashin hafsa ya kama shi a gidan wanka tun kafin lokacin da aka tsayar na fara atisaye, yana masa dariya cewa shi har yanzu yana zaton ana yaƙi da ƙa'ida. Mai kallo ma dariyar yake yi. Sai a koma 1902, ga Candy saurayi siriri, ya dawo daga yaƙin Afirka ta Kudu da lambar jarumta, ya tafi Berlin ya yi katoɓarar da ta ja masa fito-na-fito da takobi da wani hafsan Jamus da bai taɓa gani ba, Theo, wato Walbrook, wanda ƙuri'a ta faɗa a kansa. An ɓata lokaci mai tsawo ana bayanin ƙa'idojin karawar, ana auna takubba, amma da zarar sun fara sai kyamara ta ɗaga sama, ta fice ta rufin ɗaki zuwa cikin dusar ƙanƙara. Ba a nuna wanda ya yi nasara, don ba shi ne zancen ba. A asibiti suka zama aminai, Theo ya auri Edith, Baturiyar da ta jawo Candy Berlin, kuma sai bayan Candy ya taya su murna da zuciya ɗaya ya koma gida sannan ya gane ashe son ta yake yi.

Sauran rayuwarsa neman fuskarta yake. Deborah Kerr, wadda ba ta wuce shekara 21 ba, ita ta fito a matsayin mata uku: Edith, da ma'aikaciyar jinyar da ya aura bayan yaƙin duniya na farko, da direbarsa a yaƙi na biyu. Shuɗewar shekaru kuwa, da kawunan namun dajin da yake harbowa ake nuna ta, suna ta bayyana a bangon falo ɗaya bayan ɗaya.

Inda fim ɗin yake tsayawa cak shi ne 1939, Theo ya tsufa, ya gudo Ingila, yana zaune gaban jami'in da ke tantance baƙi. An tambaye shi me ya sa sai yanzu. Ya ba da labarin rasuwar matarsa, da 'ya'yansa biyu da suka zama 'yan Nazi har ba su zo jana'izarta ba, da yadda ya tsinci kansa yana kewar ƙasar da ba tasa ba. Kyamara ba ta yanke ba, tana matsowa a hankali kawai, Walbrook ko ɗaga murya bai yi ba. Ba sai an gaya maka bakin wa yake magana da shi ba.

To tsakanin Blimp da The Red Shoes, wanne ya fi?

The Red Shoes na 1948 ya fi suna, ya fi kawo kuɗi, ya kuma fi ɗaukar ido. A ganina Blimp ya fi shi.

Ga abin da The Red Shoes yake da shi. Moira Shearer, ƙwararriyar 'yar rawar bale ta gaske, ta fito a matsayin Victoria Page, wadda ta tsinci kanta tsakanin maza biyu: Lermontov, wato Walbrook, mai kamfanin rawa, wanda yake ganin duk mai rawar da ta yi soyayya ta gama yawo, da Julian, matashin mai tsara kiɗa da ta aura. An gina shi a kan tatsuniyar Hans Christian Andersen ta yarinyar da ta sa jan takalmi ya ƙi barin ta ta huta. A tsakiyar fim ɗin akwai rawa ta kusan minti 15 wadda ta fara a kan dandamali sannan ta zarce cikin ƙwaƙwalwar mai rawar, inda takardar jarida ke tashi ta zama mutum, 'yan kallo su rikiɗe su zama igiyar teku. Shugabannin kamfanin Rank da suka biya kuɗin sun ga kamar an yi musu asara, ba su tallata shi yadda ya kamata ba. A New York kuwa ya yi fiye da shekara biyu ana nuna shi a sinima ɗaya, ya ci Oscar biyu, na kiɗan Brian Easdale da na tsara wuri.

Rauninsa Julian ne. Ba shi da nauyin da zai tsaya gaban Lermontov, don haka sikelin ya karkata tun kafin a fara awo. Walbrook ya cinye fim ɗin, har mutum ya riƙa mamakin me Victoria ta gani a wurin ɗayan. Sannan zaɓin da aka tilasta mata, ko rawa ko aure, mazan biyu ne suka ƙirƙire shi don son kansu, fim ɗin kuma ya fi sha'awar kallon faɗuwarta fiye da tambayar me ya sa dole sai ta zaɓa. Ƙarshensa dai yana da ƙarfi: bayan ta faɗo daga bene gaban jirgin ƙasa, kamfanin ya yi rawar ba ita, fitila tana bin gurbin da ya kamata a ce tana ciki.

Blimp bai da wuri guda mai walƙiya irin wannan rawar, amma babu mutum ko ɗaya a cikinsa da aka yi da kwali. Ka shiga kana raina tsohon, ka fito kana ƙaunarsa, alhali fim ɗin bai janye maganarsa ba cewa tunanin tsohon ba zai ci wannan yaƙi ba. Riƙe abu biyun nan a lokaci guda ya fi wuya.

Da gaske ne ba a je Indiya ba wajen ɗaukar Black Narcissus?

Da gaske ne. A sutudiyon Pinewood kusa da Landan aka gina fadar da ke kan dutsen, tsaunukan Himalaya kuma zane ne a kan gilashi, aikin Percy Day da mataimakansa. Ramin da ke ƙarƙashin ƙararrawa, wanda ke sa cikin mutum ya ɗuri ruwa, fenti ne. 'Yan wuraren da ake ganin ciyayi da furanni a wani lambu da ake kira Leonardslee a Sussex aka ɗauke su. Powell ya zaɓi haka da gangan, don yana son iska da haske da launi duk su kasance a hannunsa. Jack Cardiff ya ci Oscar na ɗaukar hoto, Junge ya ci na tsara wuri.

Labarin daga littafin Rumer Godden na 1939 aka ɗauko shi. Sistocin coci biyar, ƙarƙashin Sista Clodagh, wato Kerr, an tura su su buɗe makaranta da ɗakin shan magani a wani gida da a da wani basarake yake ajiye matansa. Iska ba ta tsayawa, zanen bango na tsiraici yana kallon su, kowacce abin da ta binne ya fara tasowa. Wadda aka sa noman kayan miya sai ta shuka furanni. Clodagh ta koma tunanin saurayin da ya bar ta a Ireland. Sista Ruth, wadda Kathleen Byron ta fito a matsayinta, ta haukace a kan Mista Dean, wakilin basaraken. Daren da ta cire fararen kaya ta sa jar riga, ta zauna tana shafa jan-baki a gaban Clodagh da ke riƙe da littafin addu'a, kyandir yana ci a tsakaninsu, ya fi fina-finan ban tsoro da yawa tayar da hankali. Bayan awa guda ana kallon fari da toka-toka, jan nan kamar mari yake sauka. Wurin artabu na ƙarshe kuma an fara rubuta kiɗansa ne, sannan aka ɗauki hoto ana bin kiɗan daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Ba kallon raini irin na 'yan mulkin mallaka ake yi wa mutanen wurin ba?

Akwai shi, kuma babu amfanin kare shi. Ana maganar mutanen ƙauyen kamar yara. Jean Simmons, Baturiya, an shafa mata launi ta fito a matsayin 'yar Indiya, ba a ba ta ko kalma ɗaya ba. Tsohon basaraken ma Bature ne aka shafe. Sabu kaɗai ne ɗan Indiya na gaske cikin manyan 'yan wasan. Wanda ƙasarsa ta ɗanɗani mulkin Ingila zai gane wannan kallon tun daga nesa.

Abin da za a ce kawai shi ne labarin bai ba masu zuwa wayar da kai nasara ba. Sun zo da tabbacin su ne masu ilimi, wurin ya fi ƙarfinsu, suka tattara suka sauka kafin damina, dutsen da mutanensa suna nan yadda suke. Fim ɗin ya fito a watan Mayun 1947, Indiya ta samu 'yancin kai a watan Agusta.

A Matter of Life and Death yana nuna lahira. Yaya abin yake?

Tun a rubutun farko fim ɗin ya faɗa cewa ɗaya duniyar a cikin kan wani matashin matuƙin jirgi kawai take, wanda yaƙi ya jijjiga. Masu fim ɗin sun guji kiran ta aljanna, ko da yake Amurkawa sun sauya masa suna zuwa Stairway to Heaven, abin da bai yi wa Powell daɗi ba.

Daren 2 ga Mayun 1945, Peter Carter, wato David Niven, yana cikin jirgin yaƙi mai cin wuta, ba shi da lemar sauka. Ya yi maganar ƙarshe ta rediyo da June, wata Ba'amurkiya mai aikin sadarwa, ya yi tsalle, sai ya farka a bakin teku da ransa. Ɗan aiken da aka turo ya tafi da shi, wani Bafaranshe da aka fille wa kai a juyin juya halin Faransa, ya rasa shi a cikin hazo. Kafin a gano kuskuren Peter ya haɗu da June, don haka ya ɗaukaka ƙara. A gefe guda kuma likita, Livesey, ya gano rauni ne a ƙwaƙwalwarsa, ana shirin yi masa tiyata. Duk abin da ya faru a can sama yana da bayaninsa a asibiti, kuma ban da wancan rubutun farko, fim ɗin bai taɓa ce maka ga wanda za ka ɗauka ba.

Dabarar da aka fi tunawa ita ce duniyarmu ce mai launi, ta can kuwa fari da baƙi, cike da magatakarda da rajista. An so fim ɗin ya gyara tsakanin Birtaniya da Amurka bayan yaƙi, shi ya sa lauyan da ke ƙarar Peter Ba'amurke ne da harsashin Ingila ya kashe a 1775. Masu taya alƙali yanke hukunci sun haɗa da Bafaranshe, da Baturen Afirka ta Kudu, da ɗan Rasha, da ɗan Sin, da ɗan Indiya, da ɗan Ireland, kowanne da tabon da Ingila ta bar wa mutanensa. Shari'ar ta ɗan yi tsawo, nan ne kawai fim ɗin yake jan ƙafa. Shi aka fara zaɓa don bikin nuna fim na gidan sarautar Ingila, a watan Nuwamban 1946.

Masu fari da baƙi fa? Wanne ya fi tsakanin A Canterbury Tale da I Know Where I'm Going!?

Na biyun ya fi tsari, na farkon ya fi zama a rai.

I Know Where I'm Going! sun yi shi ne suna jiran a samu kyamarar launi. Joan, wato Wendy Hiller, ta taso daga Manchester za ta auri wani attajiri a wani tsibirin Scotland, iska da hazo suka tsare ta a tsibirin Mull, tana hango inda za ta amma ba hanya. Nan ta haɗu da Torquil, hafsan sojan ruwa da ya zo hutu, wanda ashe shi ne ainihin mai tsibirin, attajirin haya yake yi. Attajirin ma ba a taɓa nuna fuskarsa ba, muryarsa kawai ake ji ta rediyo, kuma ta isa. Taurin kanta ya sa ta ba wani yaro fam 20 ya fitar da kwalekwale cikin guguwa, suka kusa halaka a Corryvreckan, wani wuri na gaske da ruwan teku ke juyawa yana haɗiye abin da ya samu. Abin mamaki, Livesey bai taka Scotland ba ko sau ɗaya, yana wasan dandamali a Landan. Wani aka koya wa tafiyarsa aka riƙa ɗauka daga nesa.

A Canterbury Tale na 1944 kuwa labarinsa wani iri ne. Baƙi uku sun sauka a wani ƙauyen Kent da dare: budurwa mai aikin gona na lokacin yaƙi, sajan na Birtaniya, da sajan na Amurka, wanda sojan gaske ne mai suna John Sweet, ba ɗan wasa ba. Wani ya zuba wa budurwar gam a gashi cikin duhu. Suka shiga bincike, ashe majistaren garin ne, wai don 'yan mata su daina fita da sojoji, sojojin su zo su saurari laccarsa a kan tarihin yankin. 'Yan kallon 1944 ba su karɓe shi ba, kuma ba za a ga laifinsu ba, don fim ɗin ya yi wa mutumin sassauci fiye da kima. Amma binciken hujja ce kawai ta a zauna a ƙauye. Akwai hira tsakanin Ba'amurken da wani tsohon kafinta a kan lokacin sare itace da yadda ake busar da katako, inda mutum biyu daga nahiya biyu suka gane juna ta hanyar sana'a. Minti ashirin na ƙarshe kuma, a cikin Canterbury da bama-baman 1942 suka rusa, kowane ɗayan ukun ya samu abin da ya riga ya fid da rai a kansa. Ƙasar yarintar Powell ce, ana kuma jin haka a kowane hoto.

Ban saba da rawar bale ko waƙar ofera ba. Ba zan gaji ba?

Da The Red Shoes ba za ka gaji ba. Wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya, inda masoya ke barin tsakar gida su tsinci kansu a kan tsauni suna waƙa, ya riga ya san cewa idan magana ta gaza sai kiɗa ya karɓa, kuma ba ya tambayar ta ina suka bi suka je can. Masu sharhin Ingila na wancan zamani, da suka fi daraja fim mai kama da rahoton gaskiya, su ne abin ya dama.

The Tales of Hoffmann na 1951 wani abu ne daban. Oferar Jacques Offenbach ce daga farko har ƙarshe, babu magana sai waƙa. An fara naɗar kiɗan duka ƙarƙashin Sir Thomas Beecham, sannan aka ɗauki hoto kamar fim marar magana, yawancin waɗanda ake gani ba su ne ke waƙar ba. Ido zai ƙoshi, zuciya kuwa ba lallai ba. George Romero, mai fina-finan gawarwaki masu tafiya, ya sha faɗin cewa shi ne fim ɗin da ya sa shi sha'awar sana'ar.

Akwai wanda ba a cika ambata ba alhali ya cancanta?

The Small Back Room na 1949. David Farrar da Kathleen Byron, waɗanda suka yi Dean da Ruth, sun dawo a matsayin masoya. Shi masanin kwance bam ne mai ƙafar roba da ke masa ciwo, yana kokawa da kwalbar giya. Ƙaramin fim ne mai duhu, kuma wurin da yake kwance wani sabon bam na Jamus a kan tsakuwar bakin tekun Chesil, tsakuwar tana zamewa ƙarƙashin gwiwarsa, ba ya barin mutum ya yi numfashi.

Waɗanne zan iya tsallakewa?

The Elusive Pimpernel na 1950 da Oh... Rosalinda!! na 1955. The Battle of the River Plate na 1956 da Ill Met by Moonlight na 1957 fina-finan yaƙi ne masu kyau daidai gwargwado, amma wani ma zai iya yin su. Gone to Earth na 1950 ya cancanci kallo, da sharaɗin ka sami na asali, ba wanda furodusan Amurka David O. Selznick ya sake yankawa ya fitar a Amurka da sunan The Wild Heart ba.

Me ya raba su, kuma yaya aka yi aka sake tunawa da su?

Ba faɗa suka yi ba. 'Yancin da J. Arthur Rank ya ba su a shekarun 1940, na su yi abin da suke so ba mai leƙa musu rubutu, ya ƙare bayan The Red Shoes. Suka koma wurin Korda, suka shiga rigima da furodusoshin Amurka, kasuwa kuma ta sauya. A 1957 suka rufe The Archers, suka ci gaba da abota har mutuwa. Sun ma sake aiki tare sau biyu, a They're a Weird Mob na 1966 a Ostireliya, inda Pressburger ya yi rubutu da sunan aro, da wani fim na yara a 1972.

Powell shi kaɗai ya yi Peeping Tom a 1960, labarin mai ɗaukar hoto da ke kashe mata yana naɗar tsoronsu. Jaridu suka yi masa ca, aikinsa a Ingila ya durƙushe. A shekarun 1970 daraktan fim na Amurka Martin Scorsese, wanda ya tashi yana kallon fina-finansu a talabijin a New York, ya neme shi ya same shi a cikin rashi, ya shiga yayata sunansa. Thelma Schoonmaker, mai haɗa wa Scorsese hoto, ta auri Powell a 1984. A 1981 BAFTA, hukumar ba da lambobin yabon fim ta Birtaniya, ta karrama su biyun tare. Pressburger ya rasu a 1988, Powell a 1990. Jikan Pressburger, Kevin Macdonald, shi ya ba da umarnin The Last King of Scotland na 2006, a kan Idi Amin. A 2024 kuma an fitar da Made in England, inda Scorsese ya zauna yana bin fina-finan ɗaya bayan ɗaya, amma gara a gan shi bayan an kalli uku ko huɗu.

Ana iya kallon su tare da iyali?

Yawancinsu e. Black Narcissus da The Small Back Room na manya ne saboda abin da suke magana a kai, Peeping Tom kuwa sam ba na yara ba ne.

Wane kwafi zan nema?

Wanda aka gyara. Manyan fina-finansu masu launi da Technicolor aka ɗauke su, wata ƙatuwar kyamara da ke raba haske ta naɗa a kan zaren fim uku lokaci guda, sannan a haɗa su wajen bugawa. Idan zaren ukun suka tsufa suka motse ba daidai ba, sai gefen fuska ya riƙa yin inuwa mai launi, ja ya koma ruwan ƙasa. Kwafin da ya dusashe ya kashe Black Narcissus gaba ɗaya, tun da jar rigar nan ita ce labarin. An gyara The Red Shoes an nuna shi a bikin Cannes na 2009, da taimakon gidauniyar da Scorsese ya kafa, Blimp ma an sake gyara shi bayan haka. Shi Blimp sai ka duba tsawonsa, don shekaru da dama guntulallen kwafi ne ke yawo, wanda aka jera labarin a miƙe aka cire komawa baya. Cikakken minti 163 ne.